Ko Kun Sani? Memorin Waya Ba Ya Bukatar Caji Don Riƙe Abin da Ke Cikinsa

Katin memorin da ake tura wa waƙoƙi da wa'azi a kasuwannin Basirka da Gwaram yana adana bayanai ne ta hanyar kulle ƙwayoyin lantarki a cikin mitsi-mitsin ɗakuna, shi ya sa ko batir ya mutu ba abin da ke gogewa. Injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya ƙirƙiro fasahar, ya gabatar da ita a 1984. Memorin farko na wannan fasaha sai da bolt 12 ake rubutu a kansu. Na yanzu kuwa bolt 3.3 ko 1.8 ya wadace su, domin da kansu suke ninka ƙarfin wutar a ciki lokacin rubutu. Rashin buƙatar caji don riƙe bayanai babban abu ne inda sai an biya kuɗi ake cajin waya.