LAMBUN CIKIN GIDA: YADDA ZA KA RAGE KUƊIN CEFANE

Kai maigida, dominka aka rubuta wannan takarda. In ka gama karanta ta, ka karanta wa iyalinka, gama aikin da ke cikinta na gida duka ne, da kai da uwargida da yara.

1. Dalilin wannan magana

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da cika da mutane. A cikin 1965 wani masani, Michael Mortimore, da abokin aikinsa J. Wilson, suka fitar da littafi a kan ƙauyukan gundumar Ungogo. Abin da suka gani shi ne, kusan kowace gona ana noma ta kowace shekara, ba a barinta ta huta, amma duk da haka ba ta mutu ba. Taki ne ya riƙe ta. Da rani jakuna su kan shiga birni da itace, su komo da mangalar taki, a zuba a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka.

To, yanzu birni ya miƙo ƙafa. A Rijiyar Zaki, bisa hanyar Gwarzo, wuraren da dā dawa da gero su ke tsayawa an yanka su fuloti, an gina gidaje. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 360,000 a ƙaramar hukumar Ungogo. Gona ta tsuke, baki ya ƙaru. Wanda kakansa ya ke tsinko kuɓewa a gefen gona, yau sai ya ba da kuɗi kafin ta shiga tukunyarsa.

Kasuwa kuwa ba ta da alkawari. Ka tuna 2016, lokacin da wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Kwando ya yi tsada har gidaje da yawa suka daina sa shi a miya. Wanda ke da rama da yakuwa da kabewa a tsakar gida, miyarsa ba ta tsaya ba.

Abin da mu ke so ka gane ke nan: hatsi sai gona, amma yawancin kayan miya gidanka zai iya ba ka su, in ka ware masa rana ɗaya cikin mako. Ka zaɓi Asabar ko Lahadi, ran da yara ba su zuwa makarantar boko. Ga yadda za ka raba ranar.

2. Da sassafe: aikin lambu

Zaɓen wuri. Ka duba inda rana ta ke sauka a gidanka kamar awa shida a yini. Kada ya zama kusa da masai, ko inda ruwan wanka ke kwanciya. Fili mai tsawon ƙafa goma da faɗin ƙafa huɗu ya isa a fara da shi. Kada ka sa faɗinsa ya wuce haka, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka shuka ba. Kafin ka zuba ko ƙwaya ɗaya, ka yi shinge na kara ko na ƙaya. Akuya ɗaya ta kan gama da aikin wata guda tun ba a idar da sallar azahar ba, kaji kuma su kan tone iri.

In an shafe tsakar gida da siminti. Wannan ba ya hana ka. Tsohuwar tukunya da ta tsage, da bokitin da ya huje, da buhun da aka juye hatsinsa, duk gona ne. Sai dai lalle a huda gindinsu, domin ruwan da ya yi yawa ya fita, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Ka haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Alayyafo da albasa ba su bukatar zurfi, amma tumatir da barkono da kuɓewa sai mazubi mai zurfin kamu ɗaya, tushe ɗaya a kowane mazubi.

Taki. Ƙasarmu ta nan jigawa ce, mai yashi, ba ta riƙe ruwa sai da taki. Ka haƙa rami a lungu, ka riƙa zuba shara da kashin awaki da na kaji da ɓawon kayan miya da tokar murhu kaɗan. Ka yayyafa ruwa, ka juya shi bayan kowane mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, sa'an nan ya nuna. Kada ka sa ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, gama yana ƙona ta. Kuma sharar yau ba irin ta zamanin jakuna ba ce: a tsince leda da batir da fasasshiyar kwalba tukuna.

Abin da za ka shuka. Ka fara da masu sauƙi.

Alayyafo: ka gauraya irin da yashi, ka barbaɗa, kada ka binne shi da zurfi. Cikin mako huɗu za a fara yanka. In aka yanka sama aka bar gindi, zai sake tohowa.

Rama da yakuwa da lalo: suna son damuna, ba su da laulayi. Bayan mako biyar ko shida a fara tsinkar ganye.

Kuɓewa: ka jiƙa irin ya kwana, ka shuka zurfin gaɓar yatsa. Wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya. A riƙa tsinka bayan kwana biyu ko uku, domin in aka bar ta ta ƙosa sai uwar ta rage haihuwa. Ba ta son sanyin hunturu.

Tumatir: shi kuwa sanyi ya ke so. A yafa irin a wuri ɗaya, in ya yi kamar mako huɗu a dasa da yamma. In zafin bazara ya shigo furensa zuba ya ke yi, saboda haka kada ka ɓata ruwanka a kansa a lokacin.

Kabewa: tushe ɗaya a gindin katanga, a bi da shi bisa rumfa. Ba ta cin fili, ta kuma yi inuwa.

Zogale: ka dasa reshe mai tsawon kamu biyu, ko ka shuka ƙwaya. In ya kai tsayin mutum ka sare kansa, domin ya yi rassa inda hannun yaro zai kai. Bishiya biyu sun ishi gida.

Albasa: gindin da a ke yanke wa a yar, in aka dasa shi zai fid da lawashi.

Ruwa. A ba shuka ruwa da safe ko da la'asar, a gindi, ba bisa ganye ba. Ruwan alwala da na wankin hatsi da shinkafa duk suna da amfani, a tara su a bokiti ɗaya. Amma ruwan wanki mai omo ko bilic, a zubar da shi nesa. Ka rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, ƙasa za ta daɗe da laima. Ka lura da abu ɗaya: sauro yana iya girma daga ƙwai har ya tashi cikin kwana bakwai zuwa goma a ruwan da ya tsaya. Saboda haka kowane mako a juye randa da bokiti, a wanke, a rufe. Kada neman miya ya jawo wa yara zazzaɓi.

Ƙwari. Ka sa yara su riƙa duba bayan ganye, gama nan ƙwari ke ɓuya. Tsutsa a cire ta da hannu, a jefa wa kaji. Ganyen da tsutsa ta shiga cikinsa ta yi zane, a tsinke a ƙone. In ƙananan ƙwari sun yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya cike da hannu biyu, a jiƙa cikin galan ɗaya na ruwa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Kada ka kawo maganin feshin gona cikin gida, inda yara ke wasa, a kan ganyen da za a ci gobe.

3. Da hantsi: zuwa kasuwa

Kafin ka fita, ka zauna da uwargida ku yi lissafi. Ita ta san abin da ya ƙare, lambu kuma ya nuna abin da ba sai an saya ba. Wanda ya shiga kasuwa ba lissafi, idonsa ne ke yi masa cefane.

Abin da gida ba ya yi shi ne za ka saya: gishiri, da man gyaɗa ko manja, da daddawa, da kuka, da nama ko busasshen kifi gwargwadon hali. Gishiri ka nemi mai sinadarin ayodin, domin yana hana maƙoƙo.

Kowane abu ka saye shi lokacin arharsa. Hatsi da wake da kaka su ke sauka, ko a Dawanau ko a kasuwar ƙauye. Tumatir da tattasai kuwa da rani su ke yawa, sa'ad da masu noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam su ke ɗiba da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. A lokacin kwanduna su kan cika 'Yankaba. To, ka haɗa kai da maƙwabcinka ku sayi kwando ku raba, a yanka, a shanya bisa tabarma mai tsabta a saman rumfa, ba bakin hanya ba. Wannan kauɗa ita za ta fisshe ka farkon damuna, ran da ɗanye ya gagara.

Gyaɗa da masara, ka duba su da kyau. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta yi ɗaci, kada ka saya kome arharta. Fumfunar tana haifar da wani dafi da ke lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. Arha irin wannan asibiti ta kan kai mutum.

Ka tafi da yaro ɗaya, ya riƙe kwando, ya ga yadda a ke taya kaya, da yadda a ke duba mudu. Wannan ma karatu ne.

4. Da azahar: girki

Yanzu magana taki ce, uwargida. Ganyen nan masu duhun kore, da kabewa, da manja, suna ba jiki abin da likitoci ke kira bitamin A. Rashinsa ne ke kawo wa yara dundumi. Amma a tukunya a kan yi asarar amfanin ganye, saboda haka ki kiyaye waɗannan:

Ki wanke ganye tun ba ki yanka ba. In kika yanka kika wanke, wani amfanin ya bi ruwa.

Alayyafo ki sa shi daga ƙarshe, ki rufe, ya ɗan sulala ki sauke.

Kanwa kada ta yi yawa. Tana sa ganye laushi, amma tana rage amfaninsa.

Ki sa mai ko kaɗan ne, ko gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, domin jiki ba ya ɗaukar bitamin A sosai sai da maiƙo. Watau kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, yadda kakanni ke yi, daidai ya ke.

Ki riƙa haɗa hatsi da wake. Abin gina jiki da ya gaza a dawa, wake na cika shi. Ɗan wake, ko dambu da zogale, ko tuwon dawa da miyar taushe mai kabewa da yakuwa da gyaɗa, duk abinci ne cikakke, kuma rabin kayansu daga tsakar gida za su fito.

Kayan miyar da aka sayo, musamman waɗanda za a ci ɗanye, a wanke su da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, gama ba ki san ruwan da aka yi musu ban-ruwa da shi ba. Murhu kuma a kare shi daga iska, a rufe tukunya, itace zai yi auki. In toka ta huce, a kai ramin taki.

5. Da la'asar: tanadin gobe

Ganyen da ya yi saura kada a bar shi ya lalace. A shanya zogale da rama da lalo a inuwa, inda iska ke ratsawa, domin rana tana kashe korensu da amfaninsu. In sun bushe ƙayau a zuba cikin mazubi mai murfi.

Iri kuma, ka zaɓi tushen da ya fi kyau, ka ɗaura masa tsumma don kada a tsinka, ka bar 'ya'yansa su bushe a jikinsa. A ɓare, a gauraya da toka, a sa cikin kwalba a toshe. Sai dai irin kanti da a ke kira haɗaɗɗen iri, 'ya'yansa ba su kan gaji uwarsu ba, wannan sai a sake saye.

Daga nan a ba shuka ruwa, a duba shinge. Ka ba kowane yaro tukunyarsa, ya san tasa ce. Yaron da ya ci kuɓewar da ya shuka da hannunsa ba zai raina noma ba, ko da gonar gidansu ta zama fuloti.

6. Ƙarshe

Kada ka ce sai ka sami babban fili. Ka fara wannan mako da tukunya uku da reshen zogale ɗaya. Ka sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta abin da ka kashe a kan kayan miya kowane mako, bayan wata uku ka gwada da na farko, ka gani da idonka. In wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi malamin gona na yankinku, ko dattijon da ya daɗe yana lambu.

Iyakar magana ke nan. Allah ya sa albarka cikin abin da muka shuka, amin.