Tsoron Gwada Sabon Iri: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Damina ɗaya ce a shekara. Wanda ta kuɓuce masa sai baɗi, yara kuwa ba za su jira baɗi kafin su ci tuwo ba. Shi ya sa ba na ganin laifin manomin da malamin gona ya miƙo masa sabon iri, ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, "Malam, bari dai mu gani a gonar wani." Tsoron asara gaskiya ne. Akwai kuma wanda ya fi shi nauyi, ko da yake ba a cika faɗinsa ba: tsoron a zama abin labari a majalisa, a ce wane ya bar irin kakanninsa ya bi na 'yan boko, ga shi ya tashi a tutar babu.

Sai dai tsohon irin ma ba ya hana asara. A 1975 cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta cinye gonaki a Arewacin Najeriya, noman gyaɗa ya daɗe bai farfaɗo ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin da ke jure wannan cuta kuma yake nuna da wuri, kamar SAMNUT 24. Tana da na masara, SAMMAZ, da na wake, SAMPEA. Kafin a saki kowanne sai an gwada shi a gonaki daban-daban.

Maganin tsoron shi ne a rage abin da za a iya rasawa. Ware kunya biyar ko goma a gefen gona, ka shuka sabon kusa da tsohon a rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Kafa turke ka ɗaura tsumma don kada su cakuɗe. Da kaka ka auna kowanne da kwano ɗaya, ka ba uwargida ta dafa, domin irin da bai yi daɗi a tukunya ba, ba zai zauna a gida ba. In bai yi ba, 'yan kwanuka ka rasa, kuma ka san abin da ƙasarka ba ta so. In ya yi, masu dariyar ne za su zo neman iri.

Ka sayi irin a wurin dillalin da aka amince da shi, cikin buhunsa mai lamba, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Bana, ɗan'uwa, ka ware kunyoyin nan goma.