Yawan Ciyawa Ba Shi Ne Ƙibar Saniya Ba

A ƙasar Raba, kamar wajen Maikujera, har zuwa Wurno da Goronyo, ruwan sama bai cika wuce inci 25 a shekara ba, galibinsa kuwa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Cikin waɗannan watanni ake samun ciyawar da dabbobi za su dogara da ita har wata damina. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan abin da ke sa ciyawa ta yi amfani.

Abin da ke gina naman dabba, ya kawo nono, shi masana ke kira furotin. Saniya tana bukatar kimanin kashi 7 cikin ɗari na abincinta ya zama furotin. Ɗanyar gamba ko kyasuwa ta farkon damina takan zarce haka, amma in ta fid da kai ta bushe a tsaye, sai ta koma kashi 2 ko 3. Shi ya sa muke ganin shanu suna ramewa da bazara alhali ga yayi a daji.

Yawan ruwa ma ba ya gyara wannan. Wani bincike da aka yi a Mali, aka buga a 1982, ya nuna cewa inda ruwa ya yawaita ciyawa takan yi tsawo, amma ɗan takin da ke ƙasa sai ya rarrabu cikin kara mai yawa. Ciyawar arewa gajera ce, ga ta kuwa da maiƙo. Fulani sun daɗe da sanin haka, don haka suke yin arewa da damina. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To, dabara ita ce a sa lauje sa'ad da ciyawa ta soma fid da kai, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kada a yanke gamba ƙasa-ƙasa, kada kuma a yawaita yankanta, don saiwarta kan raunana. A shanya, a ɗaure, a ɗora bisa rumfa inda ruwa ba zai doke ta ba, gama ruwa yakan wanke amfaninta, ya sa ta ruɓe. Ingiricin da aka yi haka, in an haɗa da harawa da 'ya'yan gawo, zai riƙe dabba har ruwa ya sauka.

Muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan hukuma su isar da wannan ga manoma da makiyaya tun kaka ba ta yi ba.