Ranar Da Sammaci Ya Zo Gidanmu

Ran wata Talata da hantsi, muna cikin hutu, ina zaune a zauren gidanmu a cikin birni, sai wani mutum ya yi sallama da Baba. Da ya fito sai mutumin ya miƙa masa takarda, ya ce daga kotu yake, a sa hannu. Ashe sammaci ne. Wani attajiri da Baba ya daɗe yana karɓar yadi bashi a wurinsa, yana sayarwa a rumfarsa ta Kasuwar Kurmi, shi ne ya yi ƙara, wai yana bin sa naira 300,000. Baba kuwa a saninsa 120,000 kaɗai suka rage.

Nan da nan gida ya ruɗe. Umma ta kasa cin abinci, wani maƙwabci kuma ya ba da shawara Baba ya tafi ƙauye har ƙura ta lafa. Allah ya taimake mu Baffana ya zo, shi ko ya daɗe yana aikin rubutu a kotu kafin ya yi ritaya. Ya ce, "Yaya, kada ka je ko'ina. Sammaci kira ne, ba hukunci ba ne." Abin da na koya a bakinsa shi nake so in gaya muku, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Wanda ya ƙi amsa kiran kotu ya bar wa abokin shari'arsa fili ke nan, don ana iya sa a zo da shi, ko a saurari mai ƙara shi kaɗai a yanke hukunci. Ba a nan kaɗai ba. A Amurka, inda ake sayayya da katin bashi, watau katin da banki ke biya wa mutum ya biyo shi daga baya, mutane da yawa kan faɗi shari'a don kawai ba su mayar da amsa ba. Mu a Kano yawancin katunanmu na cire kuɗinmu ne, katin bashinmu shi ne littafin mai kanti.

Kotun da aka kira Baba ta Shari'ar Musulunci ce. A da kotunan alƙalai suna hannun En'e, a 1968 aka mai da su kotunan yanki, a 2000 kuma Jihar Kano ta kafa kotunan Shari'a. Amma fiƙihun da ake hukunci da shi na Malikiyya ne tun fil azal, irin na Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ƙa'idarsa kuwa, wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko kuwa shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baba ya yi niyyar ya ce wa alƙali, "Na biya," a takaice, yana zaton ya wanke kansa. Baffa ya yi dariya, ya ce wanda ya ce ba a bin sa kome ya bar wa mai ƙara nauyin kawo shaida, amma wanda ya ce ya biya, ya amsa ke nan da bakinsa cewa ya ci bashin. Daga nan shi ya zama mai da'awa, shi za a ce ya kawo shaidar biya. Na ce, "To Baffa, ai sai ya musa gaba ɗaya." Ya harare ni, ya ce ƙarya ke nan, ƙarshenta kuma alwala da dafa Alƙur'ani. Na yi shiru. Na san dattawa a unguwarmu da sun gwammace su biya abin da ba su ci ba da su yi rantsuwa, ko da a kan gaskiyarsu.

Saboda haka dare biyu muka yi muna tono. Ni ne mai karanta saƙonnin banki a wayar Baba, ƙanena yana jera rasit ɗin POS, waɗansu har sun koɗe. Muka haɗa shaidar 150,000. Sauran 30,000 kuwa hannu da hannu Baba ya ba yaron shagon attajirin, ba takarda, ba kowa a wurin. Abin mamaki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mun kuwa sha biya ta a makarantar allo.

Baffa ya ce da a ƙaramar kotun bashi aka kai ƙarar, wadda aka buɗe a Kano a 2019 a ƙarƙashin majistare, da a rubuce za a mai da amsa cikin 'yan kwanaki, ba kuma lalle sai da lauya ba. Ko'ina ne dai takardun nan za a nema.

Ran shari'a Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓi kayan 300,000. Ga shaidar 150,000. Akwai 30,000 da na ba yaronsa, ba ni da shaida a kansu." Attajirin ya duba takardun, bai musa ko ɗaya ba, ashe ba a shigar da su littafi ba ne. Da aka zo kan 30,000, rantsuwa ta hau kansa, sai ya yi jim, ya ce yaron ya bar wurinsa tuni. Alƙali ya ba su dama su yi sulhu. Suka fita da Baffa, suka raba kuɗin biyu, aka rubuta Baba zai biya 135,000 cikin wata uku, 45,000 kowane wata.

Ya gama biya kafin azumi, har sun koma hulɗarsu. Yanzu kullum in na taso daga makaranta sai in biya ta Kurmi, domin littafin rumfa a hannuna yake.