Idan Kwamfuta Ta Dage Da Binciken Faifai, A Fara Kwashe Kaya

Duk mai aiki da kwamfutar Windows ya san wannan allon. Ka kunna ta da safe, maimakon ta buɗe maka aikinka, sai ta tsaya tana sanar da kai cewa za ta binciki faifan ajiya, ta ba ka 'yan daƙiƙu ka danna kowane maɓalli idan kana son tsallakewa. Mutane da yawa tsallakewar suke yi, domin aiki na jira. Idan sau ɗaya abin ya faru, bayan an ɗauke wuta ba zato, ba wani abin tayar da hankali ba ne. Amma idan jiya ta yi, yau ta yi, gobe ma ta sake, to magana ta canza. Binciken da ke ta dawowa gargaɗi ne, kuma abin da ya kamata mai kwamfuta ya fara yi shi ne kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, tun kafin ya yi tunanin gyara, balle toshe bakin saƙon. A fara da kwafi, a bi da gano dalili, gyara ya zo a ƙarshe. Wanda ya birkita wannan jeri yana iya rasa aikin shekaru a yini ɗaya.

Kafin a yarda da wannan, sai an san abin da binciken yake yi. Windows tana ajiye fayiloli bisa tsarin NTFS, wanda Microsoft ya fito da shi a 1993. Tsarin ya yi kama da babban sito mai littafin rajista, inda aka rubuta sunan kowane kaya da gurbin da yake zaune. Idan Windows ta lura cewa abin da ke littafin bai yi daidai da abin da ke siton ba, sai ta ɗora wa faifan wata 'yar alama. A kunnawa ta gaba, idan ta ga alamar, sai ta kira CHKDSK, tsohuwar manhajar da ake amfani da ita tun zamanin DOS, ta daidaita rajistar ta goge alamar. Gutsattsarin fayilolin da ta tsinta ba tare da sanin mai su ba takan tara su a wata jaka mai suna FOUND.000. Mai son tabbatarwa zai iya rubuta umarnin fsutil dirty query C: ya ga ko alamar tana nan. To idan an goge alamar yau kuma gobe ta dawo, cikin biyu ɗaya ne: ko dai binciken bai iya kammala aikinsa ba, ko kuma akwai abin da ke sake ɓata rajistar kullum. CHKDSK magatakarda ce, littafi take gyarawa. Idan rufin siton ne ke yoyo, alƙalaminta ba zai tsayar da ruwan ba.

Rufin siton kuwa abu ne mai laushin gaske. A cikin akwatin ƙarfen faifan ajiya akwai fayafai masu sheƙi kamar madubi, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wato sau 90 ko 120 a kowace daƙiƙa. Allurar da ke karatu da rubutu ba ta taɓa su, tana shawagi ne a kan iskar da juyin ya tayar, da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Fuskar faifan an yanka ta gurbi-gurbi, kowanne na ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a sababbin fayafai. Idan kwamfutar ta bugu tana cikin aiki, ko tsufa ya kama allurar, wasu gurabun sukan daina karantuwa. Masu ƙerawa sun san haka, shi ya sa suka tanadi gurabun ko-ta-kwana, faifan yana maye gurbin da ya lalace a ɓoye ba tare da ya gaya wa kowa ba. Saboda haka duk ranar da lalacewar ta fito fili har Windows ta gan ta, sau da yawa ciwon ya riga ya daɗe a jiki. A lokacin ne za ka ga babban fayil ya maƙale a tsakiyar kwafi, kwamfutar ta sandare na ɗan lokaci fitilar faifan na ci, ko ka kara kunne ka ji ƙas-ƙas, allura tana komawa tana sake neman abin da ta kasa karantawa.

Abin farin ciki shi ne faifan yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, ta tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna shi cikin minti ɗaya. Lamba ta 5 tana ƙirga gurabun da aka riga aka maye, ta 197 tana ƙirga waɗanda ake zargi kuma suke jiran hukunci, ta 198 kuma waɗanda karatunsu ya gagara. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze da ke Amurka, wanda ke wallafa alƙaluman mutuwar fayafansa, ya bayyana cewa waɗannan uku tare da 187 da 188 su yake sa wa ido. Tun a 2007 masu bincike uku na Google suka fitar da nazarin da suka yi kan fayafai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka samu kuskuren farko a fuskarsa ya fi lafiyayye yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39, wanda kuma ya fara maye gurbi ya fi shi da ninki 14 da ɗoriya. Wannan ita ce hujjar gaggawa. Gurbi ɗaya da ya lalace ƙarami ne a cikin miliyoyi, amma yana ba da labarin abin da ke tafe.

Wani zai ce ai a Najeriya da Nijar matsalar wuta ce, faifan lafiyarsa lau. Akwai gaskiya a nan. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko ta hannu da batirinta ya mutu, takan mutu nan take duk lokacin da aka ɗauke wuta ko janareto ya shaƙe, kuma rubutun da aka katse yana iya rikita rajista. Haka nan kebul ɗin faifai da ya saki yana jawo irin wannan, kuma SMART tana nuna shi a lamba ta 199. Ƙwaƙwalwar RAM mai matsala ma tana iya aika gurɓataccen rubutu zuwa lafiyayyen faifai, abin da manhajar MemTest86 ke bankaɗowa. Duk waɗannan sun cancanci a duba su. Sai dai NTFS yana riƙe da ɗan kundin ayyukan da yake tsakiyar yi, wanda da shi yake farfaɗowa daga yawancin katsewar wuta ba tare da dogon bincike ba. Idan kuwa an kashe kwamfutar yadda ya kamata, wuta ba ta yanke ba, amma binciken ya dawo, to ba wutar za a tuhuma ba. Ko da ma wutar ce, wanda ya yi kwafi ya yi asarar awa ɗaya ko biyu ne kawai, wanda kuwa ya ɗora laifi kan wuta alhali faifan ne ke mutuwa, ya yi caca da duk abin da ya tara.

Wani kuma zai ce umarnin chkdsk /r yana gyara gurabun da suka lalace, ko kuma a goge komai a zuba sabuwar Windows, shi ke nan. Abin da umarnin yake yi shi ne ya karanta faifan tun daga farko har ƙarshe, ya ceto abin da ya iya, ya rubuta gurabun da suka lalace a jerin waɗanda ba za a ƙara amfani da su ba. Killacewa ce, fuskar da ta karce tana nan a karce. Ga kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: aikin yana ɗaukar awoyi, kuma tilasta wa faifai mai jinya ya yi ta karatu na tsawon wannan lokaci yana iya ƙarasa shi, a cinye sauran ƙarfinsa wajen bincike maimakon ceto. Shi ya sa ƙwararrun masu ceto bayanai suke fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, wadda ke kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna, ta dawo kan masu wuya daga baya. Sabuwar Windows a kan tsohon faifai kuwa fenti ne a kan bangon da ya tsage. Mafi muni shi ne umarnin chkntfs /x, wanda ke hana binciken tashi a lokacin kunnawa. Allon zai daina damun ka, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne na wanda ya duba SMART ya ga ta ce lafiya. A nan ma nazarin Google ya ba da amsa: fiye da kashi 36 cikin 100 na fayafan da suka mutu ba su nuna alama ko ɗaya a SMART ba kafin mutuwarsu. Idan ta ce akwai ciwo a yarda da ita, idan ta yi shiru kada a ɗauki shirun a matsayin takardar shaidar lafiya. Sai a haɗa da kundin abubuwan da suka faru na Windows, wato Event Viewer, inda saƙo mai lamba 7 daga faifai ke nufin an ci karo da gurbi mara kyau, mai lamba 153 kuma ke nufin sai da aka sake gwada karatu ko rubutu. Faifan SSD, da ba shi da allura ko abin juyawa, ya fi jure bugu, amma shi ma yana mutuwa, wani lokaci ba tare da ko ƙara ɗaya ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ba ta wasa ba ce. Kwamfutoci da yawa da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso, kuma sabon faifai kuɗi ne da ba kowa ke da shi a aljihu ba. Amma lamba ta 9 a SMART tana nuna awoyin da faifan ya yi a kunne, kuma duba ta a gaban mai sayarwa ba ya cin ko kwabo. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna koyarwa ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda bai iya cika ta ba zai iya farawa da filasha ɗaya da kuma ajiyar intanet ta kyauta don muhimman takardu. Faifai ana sayen wani a kasuwa, amma kundin digirin da aka yi wata shida ana rubutawa, da lissafin bashin shago, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, babu shagon da ke sayar da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da allon binciken ya bayyana karo na biyu, a bar shi ya gama, kuma da zarar kwamfutar ta buɗe, aikin farko shi ne kwafi.