Gocewar Ƙoƙon Gwiwa: Abin da Hannu Ba Ya Gani

Ƙoƙon gwiwa yana zirga-zirga ne a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya. Idan ya goce, kusan kullum gefen waje yake faɗawa, kuma sau da yawa yakan koma mazauninsa da kansa da zarar an miƙe ƙafa. Wannan komawar ce take yaudarar mutane: a ce targaɗe ne, a gasa, a ɗaure, yaro ko yarinya su koma filin wasa, bayan 'yan watanni abin ya sake dawowa. Komawar ƙoƙo ba ta bayyana dalilin gocewarsa, dalilin kuwa galibi a ƙirar ƙashin yake, inda yatsun mai ɗori ba sa kaiwa, balle ido.

A 1994 Henri Dejour da abokan aikinsa a birnin Liyon na Faransa suka fitar da abubuwa huɗu da hoto ke nunawa ga masu wannan larura. Babba a cikinsu shi ne kwarin ya zamo ba shi da zurfi, ko ma ya shafe, kamar hanyar ruwan da yashi ya cike. Hoton ƙashi da aka ɗauka daidai daga gefe ya isa ya tona wannan. Na biyu shi ne ƙoƙon ya zauna can sama fiye da ƙa'ida, ta yadda ba ya shiga kwarin da wuri idan an lanƙwasa gwiwa. Akwai kuma karkacewarsa, da tazarar da ke tsakanin tsakiyar kwarin da tudun ƙashin ƙwauri inda jijiyar ƙoƙon ta kama. Idan tazarar ta wuce milimita 20 a hoton CT, jijiyar tana fisgar ƙoƙon zuwa waje duk lokacin da aka taka. Shi kuwa hoton MRI ɓarnar da aka riga aka yi yake nunawa: yagewar jijiyar da ke riƙe ƙoƙon daga gefen ciki, ƙujewar ƙashi, da ɓallewar guntun guringuntsi, wanda hoton ƙashi kan tsallake shi, alhali shi ne kan sa a gaggauta tiyata.

Wani zai ce ai hotunan nan tsada gare su, MRI ma sai manyan asibitocin birni. Gaskiya ne, shi ya sa ba kowa ake tura wa duka ba. Hoton ƙashi, mafi sauƙin kuɗi, shi ake farawa da shi. MRI na wanda gwiwarsa ta kumbura ƙwarai ne, ko take maƙalewa, ko gocewar ta maimaitu. CT kuwa, saboda tururin da yake da shi, an fi ajiye shi sai ana shirin aiki.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ana ɗaukar hoton mutum yana kwance, tsokarsa a sake, ƙoƙo kuwa a guje ko a juyi yake gocewa. Wannan ma haka ne, har awon tazarar nan yakan ɗan bambanta tsakanin MRI da CT. Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai likita ya haɗa ta da shekarun majiyyaci da abin da ya ji da hannunsa. Da yawa daga waɗanda abin ya same su karo na farko gashin ƙashi na asibiti da ƙarfafa tsokar cinya ke wadatar da su. Amma iyaye, idan ƙoƙon gwiwar ɗanku ya goce, ko da ya koma, ku kai shi wurin likitan ƙashi a ɗauki hoto kafin a bar shi ya koma wasa.