Lambar da Ba Ta Rabuwa



Idan aka ba ka goro 12, za ka iya raba wa mutum biyu, uku, huɗu ko shida daidai wa daida. Goro 13 kuwa ba ya rabuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe, ko mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai. Irin su 13, da 2, 3, 5 da 7, su ne lambobin da ba sa rabuwa. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yukilid na Iskandariyya ya kafa hujjar cewa ba su da iyaka.

A watan Oktoban 2024, Luke Durant na ƙasar Amurka ya gano wata wadda ta zarce duk waɗanda aka sani girma, ta hanyar GIMPS, shirin 'yan sa-kai da ke farautar irin waɗannan lambobi da kwamfutoci tun 1996. Alƙalumanta 41,024,320 ne a jere. Da zan karanto muku su, ɗaya kowace daƙiƙa ba hutu, sai mun shafe fiye da shekara guda da wata uku.

Amma faɗin yadda aka gina ta numfashi ɗaya ne: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, a cire 1. Ana kiran irin wannan gini da sunan Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. Gwada jera 2 sau uku ka ninka: 8 ke nan, a cire 1, saura 7. Kafin a samu lambar da ba ta rabuwa, dole ne yawan jerin shi ma ya zama ba ya rabuwa, sai dai hakan kaɗai bai isa ba. Idan aka jera 2 sau 11 ana samun 2,047, wadda 23 ke raba ta sau 89. Shi ya sa ta Durant ita ce ta 52 kacal da aka sani a wannan dangi.

To yaya ake tabbatarwa? Akwai gwajin Lucas da Lehmer. Don gwada 7, a fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a samu 14. Bakwai ta raba 14 ba saura, ta ci gwaji ke nan. Ga babbar lambar, sai an maimaita wannan mataki fiye da sau miliyan 136. Lucas kansa da hannu ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39 a 1876.

Ɗalibai, ga aikin gida: ku jera 2 sau biyar, ku ninka, ku cire 1, ku duba ko abin da ya fito yana rabuwa.